Ruwan Gindin Ganga

Jinyar Apo aka ɗauko Rasminah ta yi, tun daga Indonesiya har garin Toufen, kuma abin da dillali ya gaya wa hukuma ke nan. Apo ita ce mahaifiyar maigidan, Mista Peng. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ba ta fita sai gurnani. To amma tsohuwar da ke yini tana gyangyaɗi a keken guragu, wane aiki gare ta da za a ajiye mata mutum sukutum? Haka Taitai, matar gidan, ta auna abin a ranta. Saboda haka da Rasminah ta gama yi wa Apo wanka ta ba ta faten shinkafa, sai ta turo ta bakin ƙofar baya inda za ta riƙa hango ta, ita kuwa ta zura takalman roba ta shiga rumfar kwano, wurin ganguna.

Sana'ar gidan ke nan. Mista Peng yana da shuɗiyar akori-kura da yake kwaso gangunan roba waɗanda masana'antun Filin Kimiyya suka gama da su. Ba daga ƙofar masana'anta yake ɗauka ba, ina! Wani ne ke karɓa daga hannun wani, shi kuma ya same su a bayan wani sito, kafin su iso gida an riga an kankare duk rubutun da ke jikinsu. A wanke, a kife su bushe, a sayar. Shekarar kuwa ruwan sama ya ƙi zuwa, madatsun ruwa suka ƙafe har ana nuna tsagewar ƙasarsu a talabijin, kowane gida na neman abin tara ruwa. Kasuwar ganga ta buɗe, aikin Rasminah ya ninka.

Babu gangar da ke zuwa a bushe. Kowacce da ɗan guntun ruwa a gindinta, garai-garai kamar na famfo, sai dai ƙarni irin na kifin da ya kwana a kasuwa. In ya taɓa fata ba zafi ba raɗaɗi, sai santsi kamar sabulu. Wannan rashin zafin shi ya fara ɗaure wa Rasminah kai, don da yamma sai ta ga wurin ya yi ja, washegari ya koma toka-toka, fatar ta saluɓe. Safar hannun da aka ba ta irin ta wanke-wanken kicin ce, ita ma ta huje a yatsu.

Wata safiya ta miƙa wa Taitai hannayenta.

"Taitai, ruwan nan na gindin ganga, mene ne shi?"

Taitai ba ta ko ɗago daga wayarta ba. "Ruwa."

"Ruwa ba ya cin farce."

"A-Mi," haka suke kiranta, wai sunanta ya yi musu tsawo, "yaushe kika zama likita ban sani ba? Borin jini ne. Jikinki ne bai saba da ƙasar nan ba." Ta shiga banɗaki ta fito da man goge baki, ta matsa mata a tafin hannu. "Shafa. Haka uwata ke yi mana in mun ƙone. Kuma kar in ji kin je kina nuna wa maƙwabta, su ɗauka yanka ki muke yi a gidan nan."

Rasminah ta shafa, ta ji ɗan sanyi. Amma kashedin ne ya tsaya mata a rai. In borin jini ne, me ya kawo zancen maƙwabta? Ta mayar da hujajjiyar safarta ta koma rumfa.

Ba a jima ba sai ga maganar Kuro, baƙin karen gidan da ke ɗaure a gefen rumfar. Ranar ana tsala zafi, kwanon ruwansa ya bushe, ya ja sarƙa har bakin kwatar da Rasminah ke juye ragowar ganguna. Ta hango shi yana lasa, ta daka masa tsawa ta fesa masa tiyo, amma ya riga ya sha. Kafin ta gama gangar da ke hannunta kare ya kwanta, yawu na dalala, ƙafafu na karkarwa, haƙarƙari na ɗagawa da ƙyar. Ko haushi bai yi ba ya mutu.

Mista Peng ya tsaya a kansa yana taunar binlang, goron mutanen ƙasar. Ya tofar da jan yawu, ya ce, "Tsufa ne."

"Wane tsufa?" in ji Taitai. "Karen da jiya ya kusa tsinke sarƙa a kan mai kawo gas?" Ta juyo ta zuba wa Rasminah ido. "Ku dama ba ku son kare. Tun zuwanki nake lura da yadda kike tattare siket in ya matso. Me kika ba shi?"

"Wallahi Taitai, daga kwata ya sha. Da idona na gani."

"Kwatar da yake sha tun yana ɗan kwikwiyo? Rainin hankali ke nan."

Nan take ta wuce ɗan ɗakin da Rasminah ke kwana a gefen gadon Apo, ta zazzage jakarta a ƙasa. Sallaya, hoton 'yarta, taliyar leda, ƙwayar ciwon kai. Ta ɗauke ƙwayar ta jefa aljihu kamar wadda ta kama ɓarawo. Rasminah ta durƙusa tana tattara kayanta, ranta na ƙuna, amma ta taga idonta na kan maigidan. Bai ma yarda sun haɗa ido ba. Ya buɗe mota, ya zaro wata doguwar safa mai kauri daga ƙarƙashin kujera, ya zura har gwiwar hannu, sannan ya jawo falankin katako ya rufe bakin kwatar. Tun zuwanta gidan ba ta taɓa ganin wannan safar ba.

Da yamma motar shara kan shigo layin da kiɗanta, kuma nan ne kawai masu jinyar unguwar ke samun ganin juna, kowacce da ledarta a hannu. Kokom, wadda ke kula da wani tsoho a layin gaba, ta girmi Rasminah, ta kuma daɗe a ƙasar. Bakinta ba ya shiru.

"Ke 'yar nan, me ya sami hannunki? Ko dambe kuka fara da tsohuwar?"

Rasminah ta waiga ta dubi benen gidansu, sannan ta rage murya ta ba ta labari, har da na kare.

"Ƙarni kika ce? Da santsi?" Dariyar Kokom ta ɗauke ɗif. "Ke! Ƙanena Dadang a can cikin masana'antar yake aiki. Ya ce akwai wani ruwa da suke wanke zanen da ake bugawa da haske a kan faifan nan da ake yanko ƙwaƙwalwar waya. TMAH suke ce masa. Shi ko kusa da gangar za shi, sai ya rufe jiki ruf, gilashi a fuska, safa har nan, kuma ba a barin mutum shi kaɗai. Ya ce akwai tsinkakke akwai mai ƙarfi, ido kuma ba ya bambanta su. Mai ƙarfin nan ba ƙunarsa ce ke kisa ba. Ta fata yake shiga, ya je ya tsayar da numfashi, mutum na ji na gani."

Rasminah ta ce, "To in ya zuba wa mutum fa, Yaya?"

"Tuɓewa a take, ko a gaban uban waye. Ki shiga ƙarƙashin ruwa ki yi ta tsayuwa, kar ki fito. Wani kuma ya kira motar asibiti ya faɗa musu sunan abin. Sunan, kin ji ko? Ke ni ban ma ga abin da ya kai ki wurin ganga ba. Jinya kika zo yi. Ki kira layin ƙorafi mana."

"In kira, Taitai ta ce na yi mata sata, dillali ya sa ni a jirgi? Bana fa yarinyata ta shiga sakandare."

"To zauna. Sai ki koma mata ba yatsu, ta riƙa ba ki abinci a baki."

Motar ta iso, suka jefa ledojinsu suka rabu. Taitai na tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Zubar da shara ne ko taron siyasa? Me kuke ƙullawa da waccan mai bakin? Guduwa za ki yi ko? An nuna miki gonar da ake ɓoye irinku a kan dutse?"

"Gaisawa muka yi, Taitai."

"Gaisuwa da raɗa? Kawo wayar. Daga yau tana wurina sai kin gama aiki."

Washegari Rasminah ta yi ƙundunbala ta tari maigidan da kansa, yana zaune a bayan mota yana kaɗa ƙafa yana taunar binlang.

"Maigida, TMAH ne a gangunan nan?"

Taunar ta tsaya. Ya dube ta sama da ƙasa. "Wa ya koya miki wannan?"

"Tambaya na yi."

Sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya diro, ya tafi wurin wata ganga ya tsoma yatsa, ya shafa a kumatunsa. "Kin gani? Na mutu? Tsinkakke ne, ruwan wanki kawai. Mai ƙarfin ba ya fitowa daga masana'anta, hukuma na sa ido a kansa. Tun kafin a haife ki nake wannan sana'ar, ga ni nan garau."

Rasminah na lura da shi. Gangar da ya zaɓa ita ce wadda ta ɗauraye da hannunta da safe, kuma ya tsallake waɗanda ke kusa da shi kafin ya kai gare ta. Ta ce, "To a ba ni safa irin taka."

"Wace tawa?" Ya ɗan ɓata fuska. "Au, waccan. Za a saya. Ki bari kasuwa ta lafa tukuna."

Da dillalin, Mista Tang, ya leƙo gidan a ƙarshen wata, ta ja shi gefe ta kwance masa tsumman da ta naɗe hannunta. Ya duba a gurguje ya kau da kai.

"A-Mi, mutanen nan kamar 'yarsu suka ɗauke ki. Ɗan taimakon iyali ai ba aiki ba ne. Kin san gidajen da nake kai yara? Akwai inda ko sallah ba a barin su yi, akwai inda sai sun ci alade. Ke an bar ki da ɗankwalinki, kina kuma neman rigima. Ki yi haƙuri, zan yi musu magana."

Maganar da ya yi musu ta ji ta daga rumfa: shan shayi ne da shewa. Ya fita da kwalin ganyen shayi a hammata.

Daga nan jiki ya fara gaya mata. Da ta yini a rumfa sai jiri, sai yawu ya riƙa taruwa a bakinta tana haɗiya, tsokar hannu na motsi ita kaɗai. Cokali ya fara suɓuce mata in tana ba Apo abinci. Wata rana tana ɗaga tsohuwar daga gado ƙafafunta suka saki, suka zube tare a kan katifa, Allah ya taimaka ba a ƙasa ba. Apo ta kama mata yatsu da hannunta mai lafiya, ta juya su tana kallo, ta yi wani gurnani mai tsawo, hawaye na bin karkataccen bakinta. Rasminah ta ji tausayin kanta ya kama ta, ta kifa kai a gefen gadon ta yi kuka.

Taitai da ta shigo ta tarar da su haka, fassararta daban ce.

"Jiri? Tara yawu? A-Mi, dube ni nan. Ciki gare ki?"

"Innalillahi! Taitai, ni da ko ƙofar gida ba na wucewa?"

"Ai shi ya sa nake tambaya. Waye? Mai kawo gas?" Idonta ya kai taga inda mijinta ke ɗaure kaya a mota, ya dawo kan Rasminah. Ba ta ƙarasa ba, amma daga ranar duk sanda maigidan ke rumfa sai ta sami dalilin fitowa shanya.

Abu ɗaya ke kwantar wa Rasminah da hankali a rumfar. A kusurwa akwai wata shawa mai sarƙar ja, wadda aka kafa tun lokacin da masu duba wuraren aiki suka zo kafin a ba da lasin, ba a kuma sake taɓa ta ba. Daga tankin saman bene take samun ruwa. Tun bayan maganar Kokom, ko ɗigo ne ya fallatsar mata sai ta je ta ja sarƙar, ta miƙa hannu ta daɗe tana kwarara. A nan take alwala ma, don ya fi kusa.

To sai aka fara ɗauke ruwan famfo wasu kwanaki a kowane mako. Gari ya ɗauka, kowa na lallaɓa tankinsa. Taitai ta koma tara ruwan wankin shinkafa don ban ruwan fure, kunnenta kuwa ya zama na maciji a kan ƙarar ruwa. Da ta ji shaa daga rumfa sai ta fito a guje.

"Kashe! Kashe, na ce! Mu muna wanka da kofi, ke kina nan kina ɓarnar tanki? Alwala sau nawa, wankin hannu sau nawa? Kifi ce ke?"

"Taitai, ya zubo mini ne. An ce in ya taɓa fata sai an daɗe ana wankewa."

"An ce, an ce! Wa ya ce? Ni na san abin da kike yi. Sanyi kike sha a nan don kar ki yi aiki."

Kafin la'asar ta sa an ɗaure kan famfon shawar da sarƙa, ta danna kwaɗo, ta haɗa makullin da na babur ɗinta. Ta dire wa Rasminah bokiti. "Ki cika wannan da safe. Ya ishi mai hankali."

Rasminah ta dubi maigidan ko zai ce wani abu, don shi dai ya san dalilin kafa shawar. Ya sosa ƙeya ya ce, "Na ɗan lokaci ne. Da ruwan sama ya sauka za a buɗe."

Ranar da abin ya faru ranar ɗauke ruwa ce, don haka ba wanki, sai sauke kaya. Da hantsi akori-kura ta shigo da baya-baya, cike da wasu ganguna da ba irin na kullum ba, sun fi tsabta, ƙarninsu kuma tun daga nesa yake dukan hanci. Mista Peng ya hau bayan motar sanye da doguwar safarsa. Wannan kaɗai ya sa Rasminah ta tambaye shi.

"Maigida, waɗannan daga ina?"

"Daga inda aka saba. Tare mini nan, sauri nake."

Shi yana karkato su daga sama, ita tana tarewa a ƙasa ta mirgina su gefe. Ta farko ta sauka lafiya, ta biyun ma haka. Da ya karkato wata sai ta ji motsin ruwa a ciki, mai yawa, ba guntu ba. Ta buɗe baki za ta ce ya dakata, nauyin ya rinjaye shi, murfin da ba a ɗaure ba ya yi tsalle. Ruwan ya kwararo mata daga kafaɗa, ya bi ƙirji da ciki har cinya. Sanyi kawai ta ji.

Ta kwasa da gudu ta ja sarƙar shawa. Ko ɗigo. Ta sake ja har da rataya.

"Makulli! Taitai, makulli!"

Mista Peng ya diro, fuskarsa ta yi fari fat. Ya ɗauki bokitin ya watsa mata abin da ya rage a ciki, wanda bai kai rabi ba. Rasminah ta fizge ɗankwali, ta kama riga ta fara cirewa. Daidai nan Taitai ta fito, abin da idonta ya fara gani kuwa shi ne 'yar aiki na tuɓewa a gaban mijinta.

"Ke! Ba ki da kunya? A gabansa? Dama na faɗa!"

"Ya zuba mata ne," in ji maigidan. "Mai yawa."

"To sai ta yi tsirara a tsakar gida? Mayar da rigar nan, mu je ciki!"

"Taitai, don Allah, ruwa. Buɗe shawar. Don girman Allah."

Taitai ta laluba aljihu, makullan suka yi ƙara. Mijin ya riƙe mata hannu.

"Bar shawar nan. In 'yan hukuma suka zo suka ga wurin a jiƙe, sun san a nan abin ya faru. Shiga da ita ciki."

"A kira motar asibiti," in ji Rasminah. Harshenta ya fara nauyi.

"Za a kira, za a kira. Amma ba yanzu ba." Da matarsa yake magana, ba da ita ba. "In suka sami mai jinya a wurin ganguna, an rufe mu, ga tara, kuma ba za a sake ba mu mai kula da Mama ba. Bari in fitar da kayan nan tukuna. Ba nisa zan yi ba."

Kai, mutum! Yarinya na tsaye jiƙe da guba, shi ganguna yake mayarwa mota. Taitai ta ja ta suka wuce ta gaban keken Apo zuwa kicin. Ta cire mata jiƙaƙƙun kayan da tsinken shanya don kar ta taɓa, ta cusa su a leda, ta goge mata jiki da busasshen tawul, ta zura mata rigar zaman gida mai furanni. Famfon kicin, wanda ba ya haɗe da tanki, a bushe yake. Akwai ruwa a butar shayi da cikin tulun roba na sha, amma Taitai ba ta ko kalli wurin ba, hankalinta na kan ƙarar motar da ke fita.

Rasminah ta yunƙura za ta kai hannu ga tulun, ƙafafunta suka ƙi. Ta sulale ta jingina da firji. Yawu ya fara zubo mata a kan rigar, ta kasa haɗiyewa. Ta ja numfashi, ya tsaya a rabin hanya kamar an ɗora mata buhun shinkafa a ƙirji. Tsoro ya rufe ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta fara kalmar shahada a zuci don leɓɓanta sun daina bin umarninta.

"A-Mi, bar wasan nan. A-Mi!" Taitai ta girgiza ta, sai a lokacin ita ma ta tsorata da gaske. Ta kira mijin a waya. "Wen-hsiung, yarinyar nan fa ba ƙarya take ba. In kira?"

Rasminah na jin muryarsa ƙasa-ƙasa daga wayar. "Saura kaɗan in sauke. Ki shirya abin da za ki ce musu."

Taitai ta tsaya tana waige-waige a kicin ɗin. Idonta ya sauka kan tukunyar miyar kaza da citta da ke kan murhu. Ta ɗauke ta da tsumma, ta kifar a ƙasa kusa da ƙafafun Rasminah, ta ɗebi kaɗan da ludayi ta yayyafa mata a gaban riga. Ta tura ledar kayan bayan injin wanki. Sannan ta kira.

Ma'aikatan motar asibiti ba su ɓata lokaci ba. Mace ce ta fara shigowa, matashiya, da jakarta, namijin na biye da gadon ɗauka. Ta durƙusa a cikin miyar, ta buɗe gaban rigar, ta haska idon Rasminah da 'yar fitila.

"Uwargida, me ya same ta?"

"Miya ce ta zubo mata. Tana sauke tukunya santsi ya kwashe ta."

"Yaushe?"

"Yanzun nan."

Ma'aikaciyar ta ƙura wa fatar ido. Ta yi ja, wasu wuraren sun fara duhu, amma ba ƙuraje irin na ruwan zafi. "Ƙunar ba ta kai ta hana ta numfashi haka ba. Tana da asma? Ta sha wani magani?"

"Wa ya sani? Ba sa faɗa wa mutum gaskiya. Kwanaki na kama ta da ƙwayoyi a jaka."

Daga ƙofar baya aka ji bugu, bam, bam. Apo ce ke dukan hannun kekenta da hannunta mai lafiya, tana gurnani, tana miƙa yatsa wajen rumfa. Ma'aikacin ya waiga.

"Kar ku damu da ita," in ji Taitai. "Tsufa ne. In ta ga baƙi haka take yi." Ta tafi ta juya keken ya fuskanci bango, ta jawo ƙofar.

Ma'aikaciyar ta ɗora wa Rasminah abin hura iska a fuska, ta ba abokin aikinta ya riƙa matsawa, sannan ta miƙe ta fuskanci Taitai.

"Uwargida, ki saurare ni. Unguwar nan kusa da masana'antu take, mun saba ganin abubuwa. In wani sinadari ne ya taɓa ta, ki faɗa mini yanzu. Sai mu tuɓe ta mu kwarara mata duk ruwan da ke gidan nan da na cikin mota, in kira asibiti su shirya kafin mu isa. Ni ba 'yar sanda ba ce. Me ya zuba mata?"

Idon Rasminah a buɗe yake. Tana ji, tana ganewa. Sunan na nan a kan harshenta, ta tattara duk ƙarfin da ya rage mata ta tura shi, ko leɓe bai motsa ba. Ta kafe Taitai da ido. Taitai ta dube ta, kuma wallahi ta san amsar. Matar da ta cire kayan da tsinken shanya don kar su taɓa hannunta, ai ba za a ce ba ta sani ba. Kar wani ya ce jahilci ne, kar kuma a ce tsautsayi. Maigidan ya sani, shi ya sa ya ɓoye safarsa a ƙarƙashin kujera. Dillali ya ga hannun ya kau da kai. Ba kuɗi aka nema a wurin Taitai ba a wannan lokacin, ba jini ba, magana ce guda, ga kuma makullin shawar a aljihunta.

Taitai ta sunkuyar da kai ta dubi ƙasan kicin.

"Miya ce," ta ce. "Miyar kaza. Ga ta nan kina gani."

Ma'aikaciyar ta buɗe jakarta. Ba ta da abin yi sai abin da aka gaya mata. Ta fito da auduga da bandeji, ta rufe wurin a hankali, tana cewa, "Sannu, 'yar'uwa, sannu, yanzu za mu isa." Rasminah na jin lokacin da aka naɗe mata abin a jiki, zagaye bayan zagaye, cikin tausayi.

Ta cika a cikin motar tun ba su hau babban titi ba, ƙirjinta naɗe da farin bandeji tsaf-tsaf, kamar wadda aka kula da ita.